Kafin Ka Ɗauko Firinta, Tambayi Kuɗin Tawadarta

   

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau, wani maƙwabcina ne a nan Agege, dattijo ɗan kasuwar goro, ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a ya ce, "Malam, kai da ka san harkar kwamfutar nan, so nake ka raka ni Ikeja in sayo wa yara firinta. Wallahi na gaji da ba da kuɗin buga takarda. Yau a ce takardar JAMB, gobe a ce aikin makaranta, jibi a ce fotokofin katin ɗan ƙasa." Na ce, "Alhaji, rakiya ba matsala ba ce. Amma shafi nawa kuke bugawa a wata?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Yo wa ya ƙirga?" Na ce, "To ai nan gizo ke saƙa."

Ra'ayina a kan wannan batu bai da tsawo. Kuɗin da aka rubuta a jikin kwalin firinta shi ne ƙaramin kuɗin da za ka kashe mata. Babban kuɗin yana cikin tawada, kuma a hankali ake biyansa, wata bayan wata, har mutum ya gaji ya rufe ta da tsohon zane. Saboda haka duk wanda bai san adadin shafukan da gidansa ke bugawa ba, kuma bai san nawa shafi ɗaya zai tsaya masa ba, to bai shirya sayen firinta ba tukuna. Sayen doki abu ne na rana ɗaya, dusa da harawa kuwa kullum ne.

Ba daga littafi na karanto wannan ba, a jikina na ji. Shekarun baya, lokacin da babbar 'yata ta shiga sakandare, kuma aka ɗora mini aikin sakataren Islamiyyar unguwarmu, na ga wata 'yar firinta mai feshin tawada a wani shago, farashinta kamar kyauta. Mai shagon ya ce, "Aboki, wannan za ka ɗauka. Tana bugawa, tana fotokofi, har hoto tana fitarwa." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da ban tambaya ba shi ne kuɗin katirij, wato ɗan akwatin da tawadar ke ciki. Kafin sati uku baƙar tawada ta ƙare. Da na koma, kuɗin katirij biyu, baƙi da mai kala, ya kusa kamo kuɗin na'urar gaba ɗaya. Sai na koma ɗura da sirinji. Ranar farko uwargida ta ga hannuna ta ce, "Malam, rini ka koma ba mu sani ba?" Daga baya na tafi gida Babbar Sallah na yi sati shida, ko da na dawo tawadar ta bushe a bakin, sai layi-layi take fitarwa. Yanzu haka tana bisa durowa. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ban tsaya na duba ko rariya ce na saya ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa arahar nan da gangan aka yi ta. Kamfanonin da ke ƙera firinta sun daɗe da tsarin sayar da na'ura a kan riba kaɗan, ko ma a kan faɗuwa, su kuma fanshe a tawada. Su da kansu ba sa ɓoyewa. A watan Janairun 2024 shugaban kamfanin HP, Enrique Lores, ya faɗa a hirarsa da tashar CNBC ta Amurka cewa duk firintar da aka saya jari ne suka zuba a kan mai sayen, kuma in bai buga da yawa ba, ko bai yi amfani da tawadarsu ba, to jarin bai yi riba ba. Tun a 2016 ma kamfanin ya shigo da wani tsari da ke sa wasu na'urorinsa su ƙi karɓar katirij ɗin da ba nasa ba. Ni ban ce haramun suka yi ba, kasuwa ce, mu ma 'yan kasuwa ne. Amma ɗan kasuwa bai kamata a yi masa wayon kasuwa yana kallo ba.

To bari mu shiga lissafi, da alƙaluman da kamfanonin suka bayar da kansu. Ƙaramin katirij baƙi mai lamba 123 ko 305 na HP, irin wanda ake sa wa ƙananan DeskJet da ke cike a kasuwanninmu, an ƙiyasta zai buga shafi 120. Tawadar da ke cikinsa mililita 2 ce kacal, ba ta kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. A ɗaya ɓangaren akwai firinta mai tanki, wadda ake tsiyaya mata tawada daga kwalba. Kwalbar baƙar tawada mai lamba 103 ta Epson, mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500. Ta Canon mai lamba GI-490, mililita 135, shafi 6,000. Ta HP mai lamba GT53, mililita 90, shafi 4,000. Ka raba 4,500 da 120, za ka ga kwalba ɗaya tana yin aikin ƙananan katirij kusan 38.

Farashi yana canzawa kullum, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Don haka ba zan ba ka farashi ba, zan ba ka hanyar lissafi, ka sa kuɗin da ka tarar a kasuwa ranar da ka je. A misali kawai, mu ɗauka katirij da kwalba kowanne naira 15,000 ne. Shafi ɗaya a katirij ya tashi naira 125 ke nan, a kwalba kuwa bai kai naira 4 ba. Mu sake ɗauka mai tankin ta fi mai katirij tsada da naira 150,000. Tunda kana tsira da wajen naira 120 a kowane shafi, sai ka buga shafi 1,250 kafin ka mayar da wannan bambanci. Gidan da ke buga shafi 200 a wata ya fanshe cikin wata shida da 'yan kwanaki. Gidan da ke buga shafi 20 a wata sai ya haura shekara biyar. Ka ga ashe amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Shi ya sa na tambayi Alhaji shafi nawa.

Sai dai a kula, alƙaluman nan na kamfani an same su ne a ɗakin gwaji, bisa wani ma'auni na duniya mai suna ISO/IEC 24711, inda ake buga shafuka masu matsakaicin rubutu a jere ba tsayawa. A gida ba haka abin yake ba. Fotokofin katin shaida mai duhu, ko takardar gayyatar walima mai ado, sun fi shan tawada nesa ba kusa ba. Sannan na'urar kan zuƙi tawada ta wanke bakinta lokaci zuwa lokaci, musamman in ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, wannan tawadar kuwa cikin wani soso take tafiya a ƙasan na'urar, ba kan takarda ba. Ƙari a kan haka, katirij ɗin da ke zuwa cikin kwalin sabuwar firinta sau da yawa bai kai wanda za ka saya daga baya cika ba. Katirij mai kala kuma launi uku ne a haɗe wuri ɗaya, in shuɗi ya ƙare, sauran biyun sun zama asara ko da suna cike.

Wani abin sha'awa, ita kanta firinta mai tanki talakawa ne irinmu suka jawo ta. A ƙasashen Asiya masu gyara sun daɗe suna jona wa firinta robobin tawada ta waje da siraran bututu don gudun tsadar katirij. Da abin ya yi yawa, Epson ta fitar da tata mai tanki a Indonesiya a 2010, daga baya Canon da HP suka biyo sahu. Wato in masu saye suka fara lissafi, kamfani ma yakan canza rawa.

A nawa ganin, gidajenmu kashi uku ne. Kashi na farko, masu buga shafi goma ko ashirin a wata. Waɗannan, in za su ji shawarata, kada su sayi komai. Shagon buga takardu na bakin titi ya fi musu sauƙi, don shi ne zai ji da tawada da gyara da man janareto. Kashi na biyu, gidan da ke da yara uku ko huɗu a makaranta, ko malamin da ke buga jarrabawa, ko mai shagon da ke buƙatar kala. Waɗannan mai tanki ce tasu, ko da za su ƙara wata uku suna tara kuɗi. Kashi na uku, wanda baƙin rubutu kawai yake bugawa, kamar rasit da takardar lodin kaya da wasiƙu, kuma yakan yi tafiya ya daɗe. Wannan ya duba firinta mai garin tona, wadda ake kira lesa. Gari ne ba ruwa ba, saboda haka ba ya bushewa ya toshe, kuma tona ɗaya irin sanannen 85A an ƙiyasta masa shafi 1,600. Ita kuwa ƙaramar mai katirij, wadda ta fi kowacce jan ido a shago, ban ga gidan da ta dace da shi ba sai ƙalilan. Mai bugu kaɗan za ta bushe masa, mai bugu da yawa za ta cinye shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu mu mazauna Ikko musamman, waɗanda takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba.

Na farko wuta. Firinta mai tawada ba ta shan wuta, wat 10 zuwa 20 ya ishe ta, ƙaramar inbata ma za ta ɗauke ta. Lesa kuwa sai ta gasa garin ya kama takarda, don haka tana jan ɗaruruwan wat, kuma lokacin tashi tana fizgar wuta da ƙarfi, har ƙaramin janareto ya yi kuka. Wanda bai da tsayayyiyar wuta ya sa wannan a lissafi. Ita ma mai tawadar tana da nata. Idan an kashe ta da maɓallinta, takan mayar da kanta mazauninsa ta rufe bakin don kada iska ta shiga. Idan wuta ce ta ɗauke tana cikin aiki, ko yaro ya fizge waya daga bango, bakin zai kwana a buɗe. Ƙaramin UPS yana maganin wannan.

Na biyu laima. A gida Arewa ƙura da hunturu ne abokan gabar na'ura, a nan kuwa danshi ne, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Takardar da aka bari a buɗe takan sha iska ta yi laushi, ta riƙa maƙalewa ko ta shiga bibbiyu. A bar rim a cikin ledarsa, a ɗebi iya ta buƙata. Sannan tawada iri biyu ce. Mu da muka yi makarantar allo mun san akwai tawadar gawayi da ƙaro da ake wankewa daga allo, akwai kuma ta bagaruwa da malamai ke rubutu da ita a takarda don ta zauna. Haka ma a firinta, akwai tawada mai kama da rini wadda ɗigon ruwa ke narkar da ita, akwai mai kama takarda wadda ta fi jure ruwa. Baƙar 103 irin ta farko ce, baƙar GI-490 da GT53 irin ta biyu. Wanda takardarsa za ta shiga aljihun direba daga Mile 12 zuwa Kano, ko ta zaga mayankar Oko-Oba da damina, ya tambayi wannan kafin ya biya.

Na uku tafiya gida. Yawancinmu mukan tafi azumi ko Sallah ko biki mu yi wata guda ko fiye. Firinta mai tawada ba ta son zama. Ko mai tanki ce, in aka bar ta wata biyu bakinta na iya toshewa, kuma a wasu irin, kamar na Epson, kan a jikin na'urar yake, canza shi kuɗi ne mai yawa. Maganin shi ne a buga ko shafi ɗaya mai ɗauke da duk launuka kowane mako. In za ka yi tafiya, ka bar wa wani amintacce wannan aiki, kamar yadda kake barin a ba tumaki ruwa.

Na huɗu kayan tokumbo. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya. DeskJet 2130, alal misali, katirij mai lamba 63 take ci in ta Amurka ce, 302 in ta Turai ce, 123 in an yi ta don Afirka da Gabas ta Tsakiya. Siffarsu kusan ɗaya, amma in ka sa na wata shiyya na'urar ba za ta karɓa ba. Saboda haka in ɗan uwa ya aiko maka da ita daga waje, ko ka ga ta hannu mai araha, buɗe murfin ka karanta lambar, ka tabbata ana samun ta a Computer Village. Kuma kada a yi cinikin biri a sama. A jona ta a gabanka, a buga shafin gwaji, ka ga kowane launi ya fito ba yankewa. In mai tanki ce ta hannu, ka tambayi halin da soson nan na tawadar wanki yake, domin in ya cika na'urar takan tsaya cak sai an kai wa mai gyara.

Na san akwai masu cewa, "Malam, ai ba kuɗi ne kaɗai abin dubawa ba." Gaskiyarsu. Wani abokina ya ce shi abin da ya sa ya saya, ba ya son takardun bankinsa da lambar NIN ta iyalinsa su riƙa kwana a kwamfutar shagon da bai san mai shi ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita. Wani kuma ya ce ba ya son 'yarsa budurwa ta fita neman shago da daddare saboda aikin makaranta. Wannan ma ba a ja da shi. Abin da nake cewa kawai, in don sirri ko kwanciyar hankali za ka saya, ka saya da saninka cewa su kake biya wa kuɗi, kuma ka zaɓi wadda ba za ta ba ka kunya ba a daren da ka fi buƙatarta. Firintar da ta bushe ba ta rufa wa kowa asiri, gobe da safe shagon za ka koma.

Akwai kuma masu cewa ɗura ta warware matsalar katirij. Ta rage, ban musa ba, kuma akwai yaran da suka iya ta ƙwarai. Amma katirij irin na HP da Canon da zafi yake aiki, wasu 'yan ƙananan wayoyi ne ke tafasa tawadar ta yi kumfa ta fesa. In aka bari ya ƙafe ƙaf ana ci gaba da bugawa, wayoyin sukan ƙone, ɗura kuma ba ta ta da matacce. Mai son ɗura ya yi ta da zarar rubutu ya fara dusashewa, kuma ya sani bayan 'yan lokuta dole ya sayi sabo. A mai tanki kuwa, tunda tawadar asali ba ta kai naira kaɗan a shafi ba, ban ga dalilin zuba mata ta jabu don rage canji ba. A duba hatimin kwalba, a sayi a wurin da za a iya komawa.

Sauran dabarun rage kashe kuɗi ƙanana ne, amma sukan taru. Abin da za a karanta a yar, a buga shi da zaɓin diraf, wanda ke fesa tawada kaɗan. A saita na'urar a kan baƙi, sai an buƙaci kala a canza. A duba shafi a fuskar kwamfuta kafin a tura, don kada shafi ɗaya ya zama uku. A yi amfani da gaba da bayan takarda, tunda rim mai warƙa 500 shi ma ba kyauta ba ne. Abin da za a iya turawa ta WhatsApp kuma, a tura, ba komai ne sai an buga ba.

Shawarata ta ƙarshe ta shafi zamanmu ne. Kakanninmu da suka biyo layin dogo da fataucin goro suka kafa zango a Agege, ba kowa ne ya zo da tukunyarsa da rijiyarsa ba, haɗa kai suka yi. Gidajenmu na haya da yawa suna da iyali shida ko takwas a tsakar gida ɗaya. Maimakon mutum uku su sayi ƙananan firinta uku su mutu a kan durowa, me zai hana a haɗa kuɗi a sayi mai tanki guda, a ajiye a hannun amintacce ko a ofishin Islamiyya, a sa littafi, kowa ya buga ya rubuta ya ajiye ɗan abin tawada da takarda? Kullum tana aiki, don haka ba za ta bushe ba. Takardunmu suna hannun wanda muka sani. In aka samu yaro mai ƙwazo aka tura shi Ikeja ya koyi gyara, ga sana'a ta samu. Tun da jirgin Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga tashar Agege tasha ta gaba ita ce Ikeja. Mu ma a Islamiyyarmu haka muka yi bayan waccan tawa ta mutu, kuma har yau ba mu yi nadama ba.

Shi kuwa Alhaji, mun rabu a kan zai sa babban ɗansa ya riƙa rubuta duk takardar da aka buga da abin da aka biya har tsawon wata guda, sannan mu zauna da biro. Ya ce, "Malam, ashe abin ma sai da awo kamar goro." Na ce, "Alhaji, ai kai ka fi ni sani, ba a sayen huhu sai an buɗe an gani."

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko yake da wata dabarar da ban ambata ba, ya taimaka ya sanar da 'yan uwa, don a gudu tare a tsira tare. Allah ya yi wa dukiyarmu albarka, ya raya mana zuri'a, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalam.